Idan Aka Buɗe Ƙofar Lambu: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

A gefen layin dogo, ko bayan maƙabarta, ko tsakanin gidajen ma'aikata a biranen Birtaniya, akan ci karo da wani fili mai shinge da ƙofar ƙarfe da ƙaton kwaɗo. An yayyanka cikinsa fuloti-fuloti, kowanne da mai shi, da 'yar rumfar katako ta ajiye shebur da manjagara, da durom ɗin tarar ruwan sama. Mutanen ƙasar suna kiran irin wannan wuri allotment, mu dai mu ce lambun haya. Ƙasar ta ƙaramar hukuma ce, ko ta coci, ko ta wata ƙungiya, mutum ya biya 'yan kuɗi a shekara ya noma abin miyarsa. Galibin shekara ƙofar a kulle take, sai mai mabuɗi. Amma akwai ranar da ake wangale ta, kowa ya shigo. Ga kaɗan daga abin da ke bayan shingen.

1. Mako guda cur aka ware musu

Tun 2002 ƙungiyar masu lambunan haya ta ƙasar, National Allotment Society, take shirya makon lambuna a kowane watan Agusta, lokacin da amfani ya kankama. A makon ne wurare da dama kan buɗe ƙofa. A kafa tebura a dafa shayi, a kawo kek na gida, a jera kwalaben zuma da 'ya'yan dashe, tsofaffin manoma su zaga da baƙi fuloti bayan fuloti suna amsa tambaya. Ɗan abin da aka tara yakan tafi wajen gyaran famfo, ɗinke shinge ko sayen baro na kowa da kowa.

2. Da sule ɗaya aka fara

Al'adar buɗe lambu ga jama'a ta girmi wannan mako nesa ba kusa ba. A 1926 wata mata mai suna Elsie Wagg ta kawo shawarar masu lambuna su riƙa barin mutane su shiga kallo a kan sule ɗaya, a tara kuɗin don ma'aikatan jinya masu bin marasa lafiya gida-gida. A shekarar farko, 1927, lambuna 609 suka buɗe, har da na gidan sarauta da ke Sandringham, aka tara sama da fam 8,000. Shirin, mai suna National Garden Scheme, yana nan har gobe. Da can lambunan attajirai da masu sarauta ne suka cika littafinsa na jerin lambuna mai ruwan ɗorawa. Yau lambunan haya na direbobi da malaman makaranta da 'yan fansho suna cikin littafin nan kafaɗa da kafaɗa da su.

3. Har yanzu da sanda ake awo

Birtaniya ta daɗe da rungumar mita da kilo, amma a lambun haya tsohon ma'auni na zamanin garmar shanu bai mutu ba. Sanda ce mai tsawon mita 5 da 'yan kai. Cikakken fuloti murabba'in sanda 10 ne, wato kimanin murabba'in mita 250, ya ɗan ɗara rabin fulotin gida mai ƙafa 50 da 100 irin wanda muka saba da shi. An daɗe ana ɗaukar cewa wannan faɗin ya isa ya ciyar da iyali mai mutum huɗu da ganye da kayan miya. Saboda yawan masu nema, yanzu wurare da yawa rabin fuloti suke bayarwa, wasu ma kwata.

4. Asalinsu daga ƙwacen ƙasa ne

Wannan shi ne abin da mai shan shayi a ranar biki ba lallai ya ji ba. A da, talakan ƙauyen Ingila yana da filin gari inda zai yi kiwon saniyarsa, ya yi itace, ya noma 'yar kunyarsa. Sai masu ƙasa suka shiga kewaye filayen da shinge da izinin majalisa. Tsakanin 1604 da 1914 majalisar dokoki ta zartar da dokokin shinge sama da 5,200, waɗanda suka shafi eka kusan miliyan 6.8, fiye da kashi ɗaya cikin biyar na faɗin Ingila. Talaka ya wayi gari ba makiyaya, ba gona, sai ƙwadago. Yunwa da tarzoma suka biyo baya. A 1845 aka yi dokar da ta tanadi a riƙa yanka wa ma'aikata marasa galihu 'yan gonaki, kowace kada ta wuce kwatan eka. Abin da aka mayar bai kai ko kusa da abin da aka karɓe ba, amma daga nan lambun haya ya samu gindin zama.

5. Limamin coci da ya roƙi sarki

A ƙauyen Great Somerford da ke yankin Wiltshire akwai lambunan da ake ɗauka su ne mafiya daɗewa cikin waɗanda ake nomawa har yau. Lokacin da za a kewaye filayen ƙauyen, limamin cocin garin, Stephen Demainbray, ya nemi Sarki George na Uku ya sa a bar wa talakawa 'yan eka-eka su zama nasu har abada. Aka amince. Tun 1809 ake huɗa a wurin, kuma a 2009 aka yi bikin cikarsu shekara 200.

6. Mutum shida sun isa

Dokar 1908 ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar da lambunan haya idan akwai masu buƙata. Abin mamakin shi ne ƙanƙantar adadin da doka ta nema: idan mazauna yanki shida masu rajistar zaɓe ko masu biyan haraji suka rubuta takarda suna neman fili, wajibi ne hukuma ta duba buƙatarsu. Sai dai dokar ba ta yanka wa hukuma wa'adi ba, kuma unguwannin tsakiyar Landan ba sa ƙarƙashin wannan wajibi. Duk da haka, sama da shekara ɗari ke nan maƙwabta suna haɗa sa hannu shida suna buga ƙofar hukuma.

7. Kaza da zomo an yarda, zakara babu

A 1950, lokacin da ake kan rabon abinci da kati bayan yaƙi, aka yi dokar da ta bai wa mai lambun haya 'yancin kiwon kaji mata da zomaye, muddin ba don kasuwanci ba ne kuma ba su dami kowa ba. Dokar ba ta ambaci zakara ba, shi ya sa galibin wurare suka hana shi saboda carar asuba. Wannan doka dai ita ce ta ce ba a tashin mai lambu haka kawai sai da sanarwar wata 12, kuma wa'adin ba zai cika a tsakiyar lokacin noma ba, wato tsakanin 6 ga Afrilu da 29 ga Satumba. Wanda ya shuka, shi zai girbe.

8. Noman ci ne, ba na kasuwa ba

Dokar 1922 ta fayyace cewa lambun haya wuri ne da mutum zai noma ganye da 'ya'yan itace don cin kansa da iyalinsa. Ba a mayar da shi gonar kasuwa. To ina ake kai rarar, tunda a watan Agusta wake da kabewa kan fi ƙarfin tukunyar gida? Kyauta ake yi. Akan ajiye kwali a bakin ƙofa da rubutu cewa mai so ya ɗiba, wasu kuma su kai wa cibiyoyin raba abinci ga mabuƙata. Dokar da ta hana ciniki ita ce ta koya wa mutane buɗe hannu.

9. Lokacin da aka noma ramin Hasumiyar Landan

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, kusan kashi biyu cikin uku na abincin Birtaniya ta teku yake shigowa. Da jiragen yaƙin Jamus masu nutso suka fara nutsar da jiragen kaya, gwamnati ta ƙaddamar da gangamin Dig for Victory, tana kira ga kowa ya ɗauki shebur. Aka huɗe filayen ƙwallo da wuraren shaƙatawa da gefen layin dogo. Har busasshen ramin da ya kewaye Hasumiyar Landan, tsohon gidan kurkuku da taskar sarauta, sai da aka mayar fangalin kayan lambu. Aka ƙirƙiro zanen wani Dokta Karas da abokinsa ɗan dankali don jan hankalin yara. Zuwa 1943 lambunan haya sun kai kimanin miliyan 1.4. A ƙarshen yaƙin farko ma, a 1918, sun kai wajen miliyan 1.5. Da zaman lafiya ya dawo, abinci ya wadata a kanti, sai aka shiga gina gidaje da tituna a kan da yawansu. Yau ƙiyasin da aka fi ambata shi ne fuloti kimanin 330,000.

10. Gari guda na lambuna a cikin Nottingham

Lambunan St Ann's, tafiyar 'yan mintoci daga tsakiyar birnin Nottingham, sun mamaye eka 75 da lambuna kusan 670. Tun shekarun 1830 aka tsara su, kowane lambu da shingensa na itace mai tsayi da ƙofarsa, ga lunguna sun ratsa tsakani. Akwai 'yan ɗakunan hutu na bulo tun zamanin Sarauniya Victoria, da tsofaffin itatuwan tufa iri-iri waɗanda ba a ganin 'ya'yansu a kanti. Masu saƙa da sauran ma'aikatan birnin sun yi suna a wurin wajen renon furen wardi. Hukuma ta sa wurin cikin kayan tarihin da doka ta kare, kuma akan shirya wa baƙi ranakun zagayawa.

11. Birmingham ce uwa

Tun ƙarni na 18 masu sana'ar hannu a Birmingham suke hayar ƙananan lambuna a bayan gari a kan tsabar zinariya ɗaya a shekara, wadda darajarta sule 21 ce. Kaɗan daga cikinsu sun tsira a unguwar Edgbaston. Yau birnin yana da wuraren lambun haya sama da 100 da fuloti kimanin 7,000, babu ƙaramar hukumar da ta kai shi a ƙasar. Wuri ɗaya kawai, Uplands da ke Handsworth, yana da fuloti fiye da 400.

12. Alayyahu a ƙasar sanyi

Bahaushen da ya shiga irin waɗannan lambuna a Birmingham ko Leicester ko Landan zai ga ganyen da ya sani. Mutanen Jamaika da suka zo aiki bayan yaƙi sun taho da irin wani ganye da suke kira kalalu, wanda ba komai ba ne illa alayyahu. 'Yan Bangaladesh da Indiya da Pakistan sun kawo duma da hulba da barkono mai zafi, suka kafa musu rumfunan gora da leda don kare su daga sanyi. Shekara da shekaru suna ajiye irin abin da ya jure, suna jefar da wanda ya gaza, har aka samu nau'o'in da suka saba da gajeren lokacin zafi na Ingila. Da ƙungiyar Garden Organic ta fahimci darajar abin, sai ta bi lambunan yankin tsakiyar ƙasar tana karɓar irin daga hannun waɗannan manoma don adanawa. Aikin da cibiyoyin bincike ke kashe wa kuɗi, dattawa baƙin haure sun yi shi da haƙuri da ambulan ɗin takarda.

13. Layin jira mai cin shekaru

Samun fuloti ba wasa ba ne. Wani bincike da aka fitar a 2023 ya nuna takardun masu jira a Ingila sun haura 150,000. A wasu unguwannin Landan mutum kan shafe fiye da shekara goma sunansa na kan layi. Annobar korona ta ƙara tsawon layin, domin a kullen 2020 gwamnati ta bayyana cewa zuwa lambun haya yana cikin motsa jikin da aka yarda a fita dominsa. Kuma ba talaka kaɗai ke riƙe da shebur ba: Jeremy Corbyn, tsohon shugaban jam'iyyar Labour, ya daɗe yana noma fulotinsa a arewacin Landan.

14. Lambun da wasannin Olamfik suka cinye

Tun 1925 doka ta hana ƙaramar hukuma sayar da filin da aka keɓe don lambun haya sai da amincewar minista. Kariyar ba ta game kowane wuri ba. A gabashin Landan akwai lambunan Manor Garden, waɗanda wani attajiri, Arthur Villiers, ya bar wa talakawan yankin. Masu su sun yi zanga-zanga, sun kai kuka ko'ina, amma a 2007 aka rushe wurin don gina dandalin wasannin Olamfik na 2012. An ba su wasu filaye daga baya. Sai dai ƙasar da aka shekara da shekaru ana yi wa taki, da itatuwan da kakanni suka dasa, ba a ɗaukarsu a mota.

15. Likitan da bai taɓa ganin lambunan da ke ɗauke da sunansa ba

A Jamus ana kiran waɗannan lambuna da sunan Moritz Schreber, wani likita na birnin Leipzig da ya damu da lafiyar yaran birni. Ya rasu a 1861. Sai a 1864 wani shugaban makaranta, Ernst Hauschild, ya kafa ƙungiya da sunansa, kuma filin wasan yara suka buɗe, ba lambu ba. Daga baya wani malami ya yi wa yaran 'yan fangaloli a gefe don su koyi shuka. Yara suka yi ɗoki na ɗan lokaci suka watsar, iyaye suka karɓe, suka kewaye da shinge. Yau Jamus tana da irin waɗannan lambuna kusan 900,000 a ƙarƙashin ƙungiyoyi, kuma akwai gidan tarihinsu a Leipzig, a inda abin ya faro.

16. Jamusawa sun auna komai

Dokar tarayya ta 1983 ta ce lambu kada ya wuce murabba'in mita 400, ɗakin da ke cikinsa kada ya wuce 24, kuma ba a tarewa a ciki a mayar da shi gida. Ƙa'idar da kotu ta tabbatar ita ce a noma abin ci a kashi ɗaya cikin uku na filin. Mafi muhimmanci ga talaka, kuɗin haya ba zai wuce ninki huɗu na abin da manoman kayan lambu ke biya a yankin ba. Da wannan ne mai ƙaramin albashi yake riƙe da lambu a tsakiyar Berlin, inda ƙasa ke tsadar gaske.

17. Har Einstein an rubuta wa takardar gargaɗi

Albert Einstein ya taɓa hayar ɗan lambu a unguwar Spandau da ke Berlin. A 1922, shekarar da aka sanar da ba shi kyautar Nobel, hukumar yankin ta aika masa takarda cewa ciyawa ta cinye fulotinsa, shinge ya lalace, idan bai gyara ba za a bai wa wani. Har yau haka tsarin yake a Jamus da Birtaniya. Kwamiti kan zaga dubawa, domin ciyawar mutum ɗaya irinta gonar maƙwabci yake faɗawa.

18. Lambuna masu siffar ƙwai

A Nærum, arewa da Kopenhagen ta ƙasar Denmak, mai tsara lambuna Carl Theodor Sørensen ya zana wasu lambunan haya kimanin 40 a 1948, kowanne da shinge mai siffar ƙwai, an bar ciyawa tsakaninsu don yara su yi wasa, manya su gaisa. A Brøndby kuma, tun 1964, an jera fulotan a da'ira-da'ira, kowanne ya tsuke ta ciki inda maƙwabta ke haɗuwa. 

19. Albasa mai kusan kilo tara

Ranar buɗe ƙofa takan zo da gasa. A jera karas da dankali da albasa a kan tebur, alƙalai su bi suna aunawa. A arewa maso gabashin Ingila, ƙasar masu haƙar kwal, gasar wani ɗan'uwan albasa mai dogon wuya da ake kira lik ta yi zafin da wasu kan kwana a lambu suna gadi idan ranar ta matso, gudun kada abokin hamayya ya shigo da wuƙa. A babban baje kolin Harrogate na 2023, Gareth Griffin daga tsibirin Guernsey ya kawo albasa guda mai nauyin kilo 8.97, ta zama mafi nauyi da aka taɓa aunawa a duniya.

20. Ƙasar birni ta fi ta gona lafiya

Masana daga Jami'ar Sheffield sun ɗebi ƙasa a lambunan haya na birnin Leicester suka gwada da ta manyan gonakin da ke kewaye. Sakamakon da suka fitar a 2014 ya nuna ƙasar lambunan ta fi ta gonakin sinadarin kabon na ruɓaɓɓen tsiro da kashi 32 cikin ɗari, kuma ba ta kai ta daskarewa ba. Dalilin a fili yake: kusan kowane mai lambu yana tara takinsa na ganye da ɓawon kayan miya, ga kashin doki, ga babu tarakta mai danne ƙasa. A 2019 wani binciken da Jami'ar Bristol ta jagoranta a birane huɗu ya gano cewa lambunan haya suna cikin wuraren da ƙudan zuma da sauran ƙwarin da ke barbarar fure suka fi yawa a birni.

21. Dalilin buɗe ƙofar

Kwaɗon da ke ƙofar yana da amfani, yana kare shebur daga ɓarawo da kabewa daga 'yan ɓarna. Amma wurin da ba a taɓa ganin cikinsa ba yana da sauƙin kira kango idan mai neman filin gini ya zo. Masu lambun sun san haka. Maƙwabcin da ya shigo ya sha shayi, ya ga tsohuwa tana koya wa jikanta tonon dankali, ya tafi gida da dashen tumatir, shi ne zai sa hannu a takardar koke ranar da aka ce za a rushe. Gani ya kori ji.

Mu ma biranenmu suna da masu noman lambu, daga bakin Jakara a Kano zuwa gaɓar kogi a Yamai, kuma su ne ke kawo latas da alayyahun da ke shiga kasuwa da sassafe. Gini yana matsa musu kowace shekara. Abin da ya tsare lambunan Birtaniya da Jamus har suka kai yau abu uku ne: doka rubutacciya, ƙungiya mai haɗin kai, da jama'ar gari da suka san darajar wurin. Duk birnin da ke son talakansa ya ci ganye mai kyau a farashi mai sauƙi, sai ya ware wa fartanya wuri tun kafin bulo ya rufe ko'ina.